Minti Biyun Shiru

Talata, 3 ga wata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Kumatu da babansa, in ma aikin titin nan ya bar shi ya leƙo gida.

Wayarki dai ta zama ta ado. Sau shida na kira jiya, har abokiyar aikina, Mai Tabarau, ta tambaye ni ko wani saurayi ne ya juya mini baya. Kin ce ƙararta tana tashin yaro, na yarda. Shi ya sa na koma irin ta mutanen da. Baba Direba, wanda yake ɗauko mana iyaye mata duk Talata, ta layinku yake bi, ya ce ba zai gagare shi ya hau bene hawa uku ya miƙa miki takarda ba. Ki ba shi ruwa, gwiwarsa ba ta da kirki.

Kin sha cewa ba ki san abin da nake yi a nan ba. Inna ma, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya tana gaya wa maƙwabta wai ni likitar yara ce. Ni ba likita ba ce. Mataimakiya ce a wani bincike kan yadda ƙwaƙwalwar jarirai take girma. Dakta, shugabar binciken, ita ce mai tunanin, mu kuwa hannu ne da ido. Ina auna kan jariri da tef irin na tela, in sa masa wata hula mai wayoyi siri-siri da ke sauraron aikin ƙwaƙwalwa, in wanke hular, in goge tumbuɗi. Sauran yinin ina gaban kwamfuta ina kallon bidiyon jarirai, ina rubuta sakan nawa yaro ya dubi uwarsa, sakan nawa ya kau da kai.

Yanzu 'yan wata shida muke nema, Kumatu kuwa ranar Juma'a zai cika. Ba allura, ba magani, hular ma ba ta zafi. Sashe ɗaya ne iyaye ba sa so, gara in faɗa miki tun yanzu. Za ki zauna a gabansa ki yi masa wasa na minti biyu. Sai a ƙwanƙwasa miki gilashin tagar ɗakin, ki bar fuskarki haka nan, ba murmushi, ba harara, ba magana, har minti biyu. Sai a sake ƙwanƙwasawa ki koma wasa. Minti biyun shiru muke ce masa. Yara ba sa ɗaukarsa da sauƙi. Su yi murmushi su ga ko za a mayar musu, su miƙa hannu, su yi tarin ƙarya, in duk ba ta ɓulle ba su ɓare baki. Na ga uwar da ta kasa kai minti ɗaya, ta sure ɗanta tana ba shi haƙuri tana yi mana tas.

Ba a rubuta sunan kowa, lamba ake bayarwa. In kin amince, motar za ta ɗauko ku Talata mai zuwa. Ni ma in samu in ga kumatun nan, rabona da shi tun yana wata biyu. Na san zumunta a ƙafa take, amma kin ga yadda aikin yake.

Ki huta lafiya.
Yayarki

*

Talata, 3 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Muna nan lafiya lau. Babansa sai tsakiyar wata.

Na ba Baba Direba ruwa, yana zaune yana jira in gama rubutu. In zuwan zai taimake ki a wurin aiki, za mu zo. Kada ki damu da minti biyun, zan iya.

A gaida Mai Tabarau.
Auta

*

Alhamis, 12 ga wata

Auta tawa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun isa gida lafiya. Wannan ta gidan waya na aiko ta, don ba zan iya jira har Talata ba.

Ki yi haƙuri da kika gan ni a baranda kawai. Dakta ta ce tunda jinina ne, ba zan shiga ɗakin gwajin ba, ba kuma zan duba bidiyonku ba. Shi ya sa na rama a waje, na yi ta juyi da yaron har mota ta tashi. Wannan ba kumatu ba ne, kaya ne.

To ga wani sirri. Bidiyon ashirin-ashirin ake turo mana, da lamba kawai, mai rabawar kuma bai san wane ne wane ba. Jiya na buɗe lamba arba'in da bakwai, sai ga mutumina cikin hula, kunne ɗaya a lanƙwashe. Ƙa'ida ita ce in rufe in mayar. Na san haka sarai. Amma wace yaya ce za ta iya?

Bari in gaya miki yadda muke kallo. Allon rabi biyu ne, hagu yaro, dama uwa. Ni yara nake dubawa, don haka na yanki kwali na manne a kan rabin uwar, kada fuskarta ta ja mini hankali in rubuta abin da nake zato maimakon abin da na gani. Mai Tabarau kuma iyaye take dubawa, ita rabin yaron take rufewa. Saboda haka ke ban gan ki ba, shi kaɗai na kalla.

Auta, yaron nan bai yi kuka ba. Ko fuska bai yamutsa ba. Da aka ƙwanƙwasa gilashi ya dube ki na sakan uku, ya juya ya kama igiyar kujerarsa yana tsotsa, abinsa, har lokaci ya cika. Yara fiye da arba'in na duba a aikin nan, ban ga mai haƙurinsa ba. Halin Inna ya ɗauko, wadda ko gida na cin wuta sai ta gama ninke wankinta. Na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wata zararriya.

Ki nuna wa babansa ya ji daɗi, amma kada ta wuce ku biyu. In Dakta ta ji, kashina ya bushe.

Ki shafa mini kansa.
Yayarki mai alfahari

*

Lahadi, 15 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina lafiya, ya kuma ƙoƙari da aiki. Allah ya taimaka.

Na iso gida jiya na tarar da takardarki a kan firji. Na ga ya kamata in rubuto da hannuna in yi godiya, domin ta zo a kan gaɓa. Zuwana na baya ƙanwarki ta ce mini tana ganin akwai abin da ba daidai ba tsakaninta da yaron, wai tana so a kai ta ganin likita. Na tambaye ta ina ne ke mata ciwo, ta ce ba ko'ina. Na koma bakin aiki da abin a raina, na rasa ta inda zan kama.

Yanzu na karanta mata takardarki har sau biyu. Na ce mata ga shi masu ilimin abin sun duba da na'ura, sun ce yaro ya fi sa'o'insa natsuwa, sai ta gode wa Allah ta kwantar da hankalinta. Ta ce to. Ba ta sake tayar da maganar likitan ba, ni ma na samu sauƙi a raina.

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.
Ƙaninki, baban Kumatu

*

Talata, 24 ga wata

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki karanta ke kaɗai.

Jiya da safe Mai Tabarau ta kira ni teburinta. Ta ce, "Zo ki duba mini wannan, agogon bidiyon ne ya lalace ko idona ne?" Aikinta na farko a kowane bidiyo shi ne ta sa alama a daidai sakan ɗin da fuskar uwa ta bar wasa ta shiga shiru. Abu ne mai sauƙi, ko ɗan koyo yana yi. Ta ce sau uku tana kallon wannan, ta kasa gane inda wasa ya ƙare. Na sunkuya na duba, sai na ga lamba arba'in da bakwai, na kuma ga fuskarki.

Na koma teburina na ɓare kwalina, na kalli allon gaba ɗaya. Kina kaɗa masa abin wasan daidai yadda aka ce, kina kiransa, kina tafa hannu. Babu abin da kika bari. Amma fuskarki ba ta wurin. Aka ƙwanƙwasa gilashi, kika sauke hannu, fuskar tana nan yadda take. Aka sake ƙwanƙwasawa, kika ɗaga hannu, ba ta canza ba. Shi kuma ya dube ki na sakan ukun nan da na yi ta tinƙaho da su, ya ga abin da ya saba gani, ya koma ga igiyarsa. Na ga ƙashin wuyanki a waje. Na ga zobenki ya koma babban yatsa don ya daina zama a wurinsa.

Takardar babansa tana cikin jakata tun makon jiya, na karanta ta na ji daɗi, har na ce ashe aikina yana da rana. Jiya na sake karanta ta. Kin nemi likita da bakinki, ni kuma na rufe miki ƙofa da alƙalamina. Magana zarar bunu ce, na sani, amma ta yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na je na gaya wa Dakta komai, har takardar da na aiko miki. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗa zafi. Ta karɓe bidiyon daga hannunmu, ta ba ni gargaɗi a rubuce. Ta ce a takardar da kika sa wa hannu akwai sharaɗin cewa in sun ga abin damuwa game da uwa za su neme ta, don haka za ta kira ki gobe. Na roƙe ta ta bar ni in riga ta, don kada ki fara ji daga baƙuwa.

Ban ce na san abin da ke damunki ba. Na riga na yi shisshigi sau ɗaya. Tambaya kawai nake, wadda ya kamata in yi tun a baranda. Auta, yaya kike?

Ki yafe mini.
Yayarki

*

Talata, 24 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sa Baba Direba ya jira.

Kin ce lamba ce, ba suna ba. Ga shi mutum uku sun zauna a ofis suna mayar da fuskata baya suna sake kallo, har da ƙashin wuyana. Na gode.

Wata biyu na yi ina tattara ƙarfin da zan faɗa wa babansa kalma huɗu. Ba ki san yadda na yi na fito da su ba. Sai ga takardarki, da sakan-sakan ɗinki da halin Inna. Ya tsaya a tsakar falo yana karanta mini ita kamar sakamakon jarrabawa, fuskarsa cike da murna. Me zan ce? In ce masu ilimi sun yi ƙarya?

Ranar da muka zo, na tsaya dab da ke a barandar nan. Na yi zaton za ki dube ni. Da Inna ce, tun daga ƙofar mota za ta ce me ya same ki. Ke kuwa kika karɓe shi daga hannuna, kika zagaya kansa da yatsunki kika ce ya ƙaru. Ba a ofis kika fara rufe rabina ba, Yaya. Tun ranar da aka haife shi kowa shi yake tambaya, ke ma haka.

Idan Daktarku ta kira zan ce mata a goge bidiyon, kun ce ina da wannan haƙƙin. Kada ki ƙara wahalar da tsohon nan da hawan bene.

Auta

*

Talata, 1 ga sabon wata

Auta,

Sallama. Baba Direba ya ce shi ba ruwansa da faɗanmu, da takarda ko babu sai ya hau ya gaishe ki. Shi ya sa na ba shi wannan.

Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ba ni da ta cewa. An goge bidiyon, a gabana Dakta ta sa hannu.

Babansa ya kira ni yana tambayar me ya haɗa mu. Na ce masa takardata ta farko kuskure ce, ya yaga ta. Na ce in mutum ya ce a kai shi likita, kai shi ake yi, ba sai ya nuna wurin ciwo ba. Ya matsa in yi masa bayani, na ce sauran daga bakinki ya kamata ya ji, in kin ga dama.

Ba zan sake rubutowa ba sai kin rubuto. Ina nan.

Yayarki

*

Talata, 22 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Na yi mako uku ina fara wannan takarda ina yagawa.

Ina yi masa wanka a kan lokaci. Ina ba shi nono, ina wanke kayansa, ina shanyawa, ina gogewa. Ko ma'aikaciyar asibiti ba za ta sami abin gyara ba. Amma ji nake kamar ɗan maƙwabta aka ba ni riƙo, uwarsa za ta zo ta karɓa da yamma. In na gama sai in zauna a farar kujerar nan ta roba da ke bakin tagar kicin, ina kallon tankin ruwan gidan da ke bayanmu. Wani lokaci tun azahar har rana ta bar jikin tankin. Ba kuka nake ba. Da kuka ne da na ji daɗi.

Kin san saura wata biyu in haihu Inna ta rasu. Kowa ya ce in daure saboda cikin, na daure. Da aka ɗora mini shi a ƙirji na jira abin nan da mata suke faɗa, wai sai ka ji duniya ta canza. Na jira ranar, na jira mako, ina nan ina jira.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da can yana kirana. Yana wata uku, in na zauna a kujerar sai ya yi ta gwaranci yana harba ƙafa, in ban juyo ba ya fashe da kuka. Wajen wata huɗu ya daina. Na san makon da ya daina. Kuma, Allah ya yafe mini, sauƙi na ji.

Shi ya sa na ji haushinki haka. Kin kira shi haƙuri, ni kuwa na san yadda aka yi ya same shi.

Tambaya ɗaya nake da ita, ke kaɗai zan iya yi wa. Ke da kike kallon ƙwaƙwalwar yara kullum, na lalata shi ne? Kada ki lallashe ni. Ki ba ni amsar wurin aiki, ba ta yaya da ƙanwa ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Laraba, 23 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na sake karantawa. Na gode da kika gaya mini.

Ga amsar wurin aiki. Ba wanda zai iya duban bidiyon minti shida ya yanke wa yaro hukunci, mai kyau ko marar kyau. Na yi haka sau ɗaya, kin ga abin da ya jawo. Ban yarda da kaina ba, don haka na tambayi Dakta, ban nuna mata takardarki ba. Ta ce ƙwaƙwalwar ɗan wata bakwai gini ne da ake kan yi, ba a ma kai ga rufi ba. Ta ce abin da ya fi yi wa yaro amfani shi ne uwarsa ta sami kulawa, kuma gara yau da gobe. Abin da kika kwatanta ciwo ne sananne da ke kama mata da yawa bayan haihuwa. Ana maganinsa. Ba rashin imani ba ne, ba kuma rashin ƙauna ba.

Ba zan ce miki bai ji komai ba, kin hana ni lallashi. Ya ji, ya kuma nemi hanyar zama da abin da ya samu. Amma lalacewa, ban yarda ba, kuma ba don ke ƙanwata ce na faɗa ba.

Ga kuma ta yaya da ƙanwa, ko ba ki nema ba. Matar da ba ta damu da ɗanta ba ba za ta san makon da ya daina kiranta ba. Ni ma tun rasuwar Inna na ɓuya a cikin aiki. Na ƙi zuwa gidanki ne don kin fi ni kama da ita, ba don aiki ya yi yawa ba. Na bar ki ke kaɗai a bene hawa uku, ina aiko miki da takardu.

Na ɗauki hutun mako biyu. Ranar Laraba mai zuwa zan iso da jakata. Dakta ta ba ni sunan wata likita da ke ganin masu irin wannan duk Alhamis da safe. In kin yarda mu je, ni zan riƙe shi a waje, ke ki shiga. In ba ki yarda ba, zan zo duk da haka in yi wanki.

Sai na iso.
Yayarki

*

Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Mai Tabarau.

Ban warke ba, kada ki fara yaɗawa. Ina dai zuwa wurin likitar nan duk Alhamis. Babansa ya kai ni sau biyu, ya zauna a benci da yaro a cinya, bai tambaye ni ina ke ciwo ba.

Kin sangarta yaron nan da ɗauka a mako biyun da kika yi. Jiya da hantsi yana cinyata na tafi tunani, ban ma san na tafi ba. Sai ya kama leɓena ya ja da ƙarfinsa, ya tsala mini ihu a fuska har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Haushi na ji, Yaya. Haushi na gaske, har cikin ƙirjina. Na ce masa kai dalla sake ni, ya ƙi saki, muka tsaya muna hararar juna.

Likita ta ba ni littafi ta ce duk abin da na ji in rubuta. Mako biyar yana nan fari. Jiya na rubuta layi ɗaya.

Ki zo ranar Asabar. Ki taho da abin yankan farce, nawa ya ɓace, leɓen kuma har yanzu yana zafi.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Auta